Makaranta da Gona: Neman Ilmin da Ya Dace da 'Ya'yan Karkara a Ƙasar Haiti



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wata matsala ta ilmi wadda ta daɗe tana ci wa wata ƙasa ta baƙar fata tuwo a ƙwarya, can ƙetaren tekun Atlantika, watau Haiti. Matsalar kuwa ita ce, wane irin ilmi ya kamata a ba ɗan manomi, kuma da wane harshe za a ba shi? Mai sauraro yana iya tambaya, me ya haɗa Bahaushe da tsibirin da ke kusa da Kuba? Abu biyu ne. Na farko, kakannin mutanen Haiti daga Afirka aka kwashe su a zamanin cinikin bayi, kuma Moreau de Saint-Méry, wanda ya wallafa bayanin ƙasar a 1797, ya lissafa Hausawa cikin ƙabilun da aka kai can, ko da yake yawansu bai kai na mutanen Kwango da Dahomey ba. Na biyu, Haiti ta sami 'yancin kanta a ranar 1 ga Janairu 1804, watau shekara 156 kafin Nijeriya da Nijar. Saboda haka kusan duk maganin da masana ilmi suka taɓa tunani game da makarantar ƙauye an riga an gwada shi a can, an kuma ga inda ya yi aiki da inda ya ci tura.

Ƙasar da harshenta

Haiti ita ce kashi ɗaya cikin uku na yammacin tsibirin Hispaniola. Faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 27,750 ba, galibinta kuwa duwatsu ne da kwazazzabai, mutanenta sun haura miliyan 11. A ƙarƙashin Faransa sunanta Saint-Domingue, kuma rake da gahawar da bayi ke nomawa a can sun sa ta zama mallaka mafi kawo riba a zamaninta. Bayin suka yi tawaye a watan Agusta 1791, aka yi ta gwabzawa shekara goma sha biyu, har rundunar Dessalines ta karya ta Napoleon a Vertières a ranar 18 ga Nuwamba 1803.

A cikin gonakin raken nan ne aka haifi harshen Kiriyol. Yawancin kalmominsa daga Faransanci suke, amma harshe ne mai zaman kansa, da nahawunsa da ƙa'idojinsa, wanda Bafaranshe ba zai fahimta ba sai ya koya. Ɗalibin Hausa zai ga abin sha'awa a nan. A Kiriyol ana cewa liv, watau littafi, amma liv la shi ne littafin, watau alamar fayyacewa tana zuwa ne bayan suna kamar yadda take a Hausa, ba a gabansa ba kamar a Faransanci. Haka kuma aikatau ba ya sauya siffa saboda lokaci. 'Yan ƙananan kalmomi ne irin su te da ap da pral ake sa wa a gabansa su nuna shuɗaɗɗen lokaci ko mai ci ko mai zuwa. Masana na jayayya a kan ko wannan gado ne daga harsunan Fon da Ewe ko kuwa a'a, kuma wannan ba wurin raba gardamar ba ne. Abin da babu jayayya a kai shi ne kowane ɗan Haiti yana jin Kiriyol, daga shugaban ƙasa har zuwa mai sayar da gawayi, alhali kuwa masu jin Faransanci sosai, bisa ƙiyasin masana harshe, ba su wuce ɗaya cikin goma ba. Wannan alheri ne da ƙasashen Afirka masu ɗaruruwan harsuna ba su samu ba. Amma duk da haka an shafe fiye da shekara 170 bayan 'yanci kafin doka ta yarda a koyar da yaro da harshen da yake ji.

Yadda makaranta ta juya wa ƙauye baya

Tun daga farko makarantar Haiti 'yar birni ce. Pétion ya kafa babbar sakandaren Port-au-Prince a 1816 a kan tsarin Faransa. Sarki Henri Christophe a arewa ya kawo malamai daga Ingila, amma makarantunsa suka bi shi bayan mutuwarsa a 1820. A 1825 Faransa ta turo jiragen yaƙi, ta ɗora wa ƙasar diyyar faran miliyan 150 domin biyan iyayengijin bayi hasarar da suka yi, wadda daga baya aka rage zuwa miliyan 90 a 1838. Kuɗin biyan wannan bashi daga harajin gahawa ya fito, gahawar kuwa manomin kan dutse ne ke noma ta. Ashe ke nan ƙauye ya biya kuɗin 'yancin ƙasa, bai kuwa sami ko allo ba. Dokar karkara ta Shugaba Boyer ta 1826 ma ta ɗaure manomi a gona, ta hana shi ƙaura zuwa birni sai da izini.

Bayan yarjejeniyar da aka ƙulla da fadar Paparoma a 1860, limaman Katolika da 'yan zuhudu suka zo daga Faransa suka buɗe makarantu masu kyau a birane, da littattafan Faransa da tarihin Faransa da labarin ƙasar Faransa. Waɗannan makarantu sun yaye marubuta da lauyoyi da likitoci na gaske, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai sun daɗa zurfafa ramin da ke tsakanin 'yan boko na birni da talakawan karkara, waɗanda ake kira moun andeyò, ma'ana mutanen waje. Kalmar kanta ta isa sharhi: mafi yawan jama'ar ƙasa, masu ciyar da ita, su ne ake ƙirgawa a wajenta. Shekaru da dama cikin ƙarni na 20 har takardar haihuwar ɗan ƙauye daban take da ta ɗan birni, an buga mata kalmar da ke nuna shi manomi ne.

To, yaron da ya ci sa'ar shiga makaranta fa, me yake tararwa? Yana tarar da malami yana magana da harshen da bai taɓa ji a gida ba, sau da yawa ma malamin kansa bai ƙware a ciki ba. Darasi ya zama hadda. Yara su rera shafi da babbar murya har su iya shi a ka, ba tare da sanin abin da suke faɗa ba, ranar jarrabawa su zubo shi yadda suka haɗiye shi. In yaro ya yi suɓul da baka ya yi Kiriyol, sai a miƙa masa wata alama da ake kira senbòl, ya riƙa kasa kunne har ya kama wani ya miƙa masa, wanda ta kwana a hannunsa shi ke shan hukunci. Dattawan Nijar da suka yi lakwal a zamanin Faransa ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan. Illarsa ba ta tsaya ga bulala ba, domin yana koya wa yaro cewa harshen uwarsa abin kunya ne, yana kuma mai da shi ɗan leƙen asiri a kan abokinsa. Yves Dejean, masanin harshe ɗan ƙasar wanda ya yi rayuwarsa yana wannan yaƙi, ya sa wa littafinsa na 2006 suna mai ma'anar makarantar da aka kifa a cikin ƙasar da aka kifa.

Gonar makaranta ta Amurkawa

A nan ne labarin ya yi kwana, kuma a nan ne ya kamata duk mai kiran a ba da ilmin da ya dace da karkara ya tsaya ya yi tunani. Sojojin Amurka sun mamaye Haiti daga 1915 zuwa 1934. Sun ce da ƙarfi ilmin Latin da adabin Faransa ba shi da amfani ga ɗan manomi. Suka kafa hukumar aikin gona da koyon sana'a ƙarƙashin wani Ba'amurke, George Freeman, da babbar makarantar noma a Damien kusa da babban birni, da kuma makarantu masu gonaki a ƙauyuka. Wanda ya karanta manufar a takarda zai ce madalla. Amma mutanen Haiti ba su ce madalla ba. Sun lura cewa waɗanda ke ce musu fartanya ta fi dacewa da su, su ne dai waɗanda suka farfaɗo da aikin tilas na gina hanyoyi, su ne kuma waɗanda a ƙasarsu suka keɓe wa baƙar fata ilmin aikin hannu. Sun lura har wa yau cewa ana zuba kuɗi a sabuwar hukumar ana barin makarantun ƙasa da yunwa. Abin mamaki kuma, tsarin mulkin 1918 wanda aka rubuta a ƙarƙashin mamayar shi ne na farko da ya ambaci Faransanci a matsayin harshen gwamnati.

A ƙarshen Oktoba 1929 ɗaliban Damien suka yi yaji saboda an rage musu kuɗin tallafi. Yajin ya bazu zuwa sauran makarantu da ma'aikatu, har a ranar 6 ga Disamba sojojin Amurka suka buɗe wa manoma wuta a Marchaterre kusa da Les Cayes, suka kashe aƙalla mutum 12. Gwamnatin Amurka ta aiko da kwamitin bincike a 1930 ƙarƙashin Robert Moton na makarantar Tuskegee, kwamitin kuwa ya soki yadda aka raba ilmin ƙasa gida biyu. Amma rabuwar ta daɗe bayan tafiyar sojojin: makarantun ƙauye suka zauna ƙarƙashin ma'aikatar gona, na birni ƙarƙashin ma'aikatar ilmi, ba a haɗe su ba sai a 1978.

Gaskiya ne cewa cikin masu adawar akwai 'ya'yan manya waɗanda ƙyamar riƙe fartanya kawai ke damunsu. Amma ba daidai ba ne a ce iyakar abin ke nan. Kalmar “dacewa” takobi ce mai kaifi biyu. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ma da sunan ilmin da ya dace da al'adar baƙar fata ta kafa dokarta ta 1953, har da koyarwa da harshen uwa a ciki. Duk sa'ad da mai mulki ya ce ga ilmin da ya dace da ɗan talaka, alhali kuwa nasa ɗan yana wata makarantar dabam, talaka yana da hujjar yin zargi. Wannan zargi ya bi duk wani gyara da aka kawo a Haiti daga baya, har da waɗanda aka kawo da kyakkyawar niyya.

Daga Price-Mars zuwa gyaran Bernard

Mamayar ta kuma farkar da wasu 'yan boko. A 1928 Jean Price-Mars, likita kuma malami, ya wallafa Ainsi parla l'oncle, inda ya zargi masu ilmin ƙasarsa da ɗaukar kansu Faransawa masu baƙar fata, ya ce tatsuniyoyi da waƙoƙi da al'adun manoma su ne ainihin gadon ƙasa. Maurice Dartigue, wanda ya yi karatun horon malamai a Jami'ar Columbia, ya riƙe ilmin karkara daga 1931, ya zama minista daga 1941 zuwa 1945, ya kuma yi ƙoƙarin horar da malaman ƙauye na sosai. Hukumar UNESCO ta buɗe aikin gwaji a kwarin Marbial kusa da Jacmel a ƙarshen shekarun 1940, inda aka koyar da karatu da Kiriyol tare da kiwon lafiya da noma, amma talauci da zaizayar ƙasa da rigimar darikun addini suka fi ƙarfin aikin.

Kafin a koyar da harshe kuwa sai an daidaita rubutunsa. Wani limamin Methodist daga Ireland, Ormonde McConnell, ya tsara ƙa'idar rubutu wajen 1940, wadda Frank Laubach ya taimaka aka gyara. Nan da nan aka yi mata ca, wai haruffa irin su k da w sun yi kama da Ingilishi da Furotesta, sun nesanta Kiriyol daga Faransanci. Charles-Fernand Pressoir ya fito da tasa. Wanda ya san gardamar boko da ajami ya san cewa rigimar haruffa ba safai takan zama ta haruffa kaɗai ba. Marubuta dai ba su jira ba: Félix Morisseau-Leroy ya juya wasan Antigone na Girkawa zuwa Kiriyol a 1953 domin ya ƙaryata masu cewa harshen ba ya ɗaukar magana mai nauyi, Frankétienne kuma ya wallafa Dezafi a 1975, ƙagaggen labari na farko da harshen.

A ranar 18 ga Satumba 1979, zamanin da Joseph C. Bernard ke ministan ilmi, aka kafa dokar da ta halatta Kiriyol a matsayin harshen koyarwa da kuma darasi, a farkon 1980 kuma aka tabbatar da ƙa'idar rubutu ta hukuma. Tsarin shi ne yaro ya koyi karatu da rubutu da lissafi da Kiriyol a shekaru huɗu na farko, ana koya masa Faransanci da baki tukuna, sa'an nan a rubuce, kamar yadda ake koyar da kowane baƙon harshe. Ta fuskar ilmi tsarin ba shi da aibi. Ya yi daidai da shawarar UNESCO ta 1953, da kuma abin da Farfesa Fafunwa ya gwada da Yarabanci a Ife daga 1970. Amma aka fara shi babu isassun littattafai, babu horarrun malamai, gwamnatin Jean-Claude Duvalier kuwa ba ta tsaya masa ba. Manyan makarantu masu zaman kansu suka yi biris da shi. A 1982 aka sauke Bernard. Tsarin mulkin 1987 ya zo ya ce Kiriyol shi ne harshen da ya haɗa dukan 'yan ƙasa, ya mai da shi harshen gwamnati tare da Faransanci, ya kuma umarta a kafa hukumar kula da harshen. Ba a ƙaddamar da hukumar ba sai a Disamba 2014, bayan shekara 27.

Abin da yaro ya zo da shi daga gida

Harshe ƙofa ce kawai. Ana iya fassara littafin Faransa zuwa Kiriyol kalma da kalma, ya zama har yanzu yana maganar dusar ƙanƙara da tuffa ga yaron da ya taso tsakanin rogo da ayaba da mangwaro. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, me yaron nan ya riga ya sani ranar da ya fara taka ƙofar aji?

Ya san zaman lakou, watau babban gida na dangi masu kaka ɗaya, da gonarsu da makabartarsu, abin da ya yi kusa da gandu a ƙasar Hausa. Ya san konbit, wanda ba shi da maraba da gayya: maƙwabta su taru a gonar mutum ɗaya da fartanyu da ganga da waƙa, mai gona ya ciyar da su. Jacques Roumain ya gina labarinsa na 1944, Gouverneurs de la rosée, a kan wannan al'ada. Ya san sòl, watau adashi. Da dare kuma in mai tatsuniya ya ce krik, yara su amsa krak, kamar yadda ake cewa ga ta nan ga ta nanku a amsa ta zo mu ji ta. Taurarin tatsuniyoyin su ne Ti Malis mai wayo da Bouki wawa mai haɗama, sunan Bouki kuwa kalmar Wolof ce ta Senegal mai ma'anar kura. Ashe kurar da Gizo ke yi wa wayo ta ƙetare teku a cikin jirgin bayi, ta yar da fatarta ta riƙe halinta. Yaron da ya iya waɗannan labarai ya riga ya san yadda ake ƙulla zance da warware shi, ya san kacici-kacici da karin magana. Malamin da ya hana shi buɗe baki ya zubar da jarin shekara shida.

Lissafi ya fi ba da mamaki. Kuɗin Haiti sunansa gud. Shekaru da yawa gud 5 ke daidai da dalar Amurka ɗaya, har aka saki wannan ƙa'ida a 1989, amma jama'a suka ci gaba da yin ciniki da “dalar Haiti”, wadda babu ita a takarda ko ƙarfe, ma'anarta dai gud 5. Bahaushen Damagaram ko Maraɗi, wanda ke kiran faran 5 dala, zai gane wannan nan take. Saboda haka yarinyar da ke taya uwarta zama a kasuwa kullum tana ninkawa da biyar tana rabawa da biyar a ka. Ta san mamit, gwangwanin awon hatsi mai matsayin tiya, ta san ƙananan ma'aunai nawa ke cika shi. Ta ga matan da ake kira madan sara, fataken da ke ɗauko amfanin gona daga kan duwatsu zuwa birni, suna lissafin riba da kuɗin mota ba tare da alƙalami ba. Ɗan'uwanta kuwa ya san kawo, ma'aunin gona wanda ya kai hekta 1.29, watau ɗan fiye da eka uku. Wannan yarinya ita ce za ta faɗi jarrabawar lissafi, ba don lissafin ya gagare ta ba, sai don ba ta gane jumlar Faransancin da aka nannaɗe tambayar a ciki ba.

Akwai kuma darussan da ƙasar kanta ke bukata. Sare itatuwa don gawayi da noman gangaren dutse sun sa ruwan sama na wanke ƙasar noma zuwa teku. Makarantar da ke koyar da kogunan Faransa ba ta koyar da dalilin da ya sa rafin da ke bayanta yake ƙafewa ba, ta yi sakaci babba. Sai dai a kula, ilmin manomi ba abin rainawa ba ne, kuma sau da yawa masanin waje ne ke bukatar darasi. Misali mai ɗaci shi ne na aladun ƙauye. Baƙin aladen Haiti, mai cin ɓawo da shara, shi ne asusun manomi, kamar yadda akuya da tunkiya suke ga matar ƙauye a ƙasar Hausa: in lokacin komawa makaranta ya zo, a sayar da ɗaya a biya kuɗin makaranta da na tufafi da takalma. Da annobar zazzaɓin aladu ta ɓulla a tsibirin a 1978, aka shirya da goyon bayan Amurka aka karkashe aladun ƙasar baki ɗaya a 1982 da 1983. Waɗanda aka kawo a madadinsu daga Amurka suna bukatar abincin kanti da ruwa mai tsabta da ɗaki mai daɓen siminti, abubuwan da shi manomin kansa bai samu ba. Iyaye da yawa suka cire 'ya'yansu daga makaranta. Haka kuma da aka rage harajin shinkafar waje zuwa kashi 3 cikin ɗari a 1995, manoman kwarin Artibonite suka kasa gasa da shinkafar Amurka. Ba a iya raba aji da aljihun uba, musamman a ƙasar da fiye da huɗu cikin biyar na makarantun firamare ba na gwamnati ba ne, wasunsu ma saboda rashin tabbas jama'a ke kiransu makarantun caca. Iyalin da suka gaza kuwa sukan aika yaro aikatau birni da fatan za a sa shi makaranta. Irin waɗannan yara ake kira restavèk, kuma da yawansu wanke-wanke da ɗebo ruwa ne karatunsu.

Wuri ɗaya mai wuyar sha'ani shi ne addinin gargajiya na Vodu, wanda ya cuɗu da kiɗa da magani da tarihin dangi a karkara. Cocin Katolika ta yi masa yaƙi a 1941 da 1942, gwamnati kuma ta amince da shi a matsayin addini a 2003. Mafi yawan makarantun ƙauye na coci-coci ne, iyaye da yawa kuma sun bar Vodu da gangan. Ba aikin makaranta ba ne ta koyar da bauta, amma yaro ba zai fahimci tarihin 1791 ba in an share wannan babi, kuma bai kamata a koya masa raina kakarsa ba.

Matènwa

A tsibirin La Gonâve, wanda yake cikin yankuna mafi talauci da ƙarancin ruwa a ƙasar, akwai wani ƙauye a kan dutse mai suna Matènwa. A 1996 wani ɗan ƙauyen, Abner Sauveur, da wata malama Ba'amurkiya, Chris Low, suka kafa makarantar jama'a a can a kan ƙa'idoji kaɗan. Da Kiriyol ake koyarwa. Ba a dukan yaro. Akwai lambu, wanda yara ke aiki a ciki suna koyon kimiyya da awo, ana kuma ciyar da su daga amfaninsa. Da yake littattafan yara na Kiriyol sun yi ƙaranci, sai aka sa yaran su rubuta nasu: yaro ya ba da labarin jakinsu ko ranar kasuwa ko guguwar da ta kwashe rufin ɗaki, ya zana hotuna, a ɗinke shi littafi, 'yan ajinsu da na ƙasa da su su karanta. Faransanci kuma ana koyar da shi a matsayin harshe na biyu. Michel DeGraff, masanin harshe ɗan Haiti da ke koyarwa a jami'ar MIT ta Amurka, ya auna karatun yaran, ya tarar sun fi takwarorinsu na makarantun da ke kewaye saurin karatu da fahimtar abin da suka karanta.

Mai sauraro zai lura cewa Damien ma tana da gona. Bambancin shi ne a Damien baƙo ne ya yanke wa ɗan ƙasa iyakar da zai tsaya, a Matènwa kuwa lambu mafari ne, ba a rufe wa yaro hanyar sakandare ko jami'a ba. Amma kada a yi saurin murna. Makaranta ɗaya ce, mai samun gudummawa daga waje, da malamai waɗanda aka daɗe ana horarwa. Ta horar da malaman wasu makarantu a tsibirin, sai dai abin da ƙauye ɗaya ya yi da himmar mutanensa ba lalle ba ne ma'aikata ta iya yinsa da takardar umarni.

Tsoron iyaye

An saba ɗora laifin faɗuwar gyaran Bernard a kan manyan birni, kuma suna da nasu kason. Amma manoma da yawa su ma sun ƙi shi, wasu har suka mai da 'ya'yansu makarantun da ke alkawarin Faransanci tun daga ajin farko. Masana kan ce jahilci ne. Ba jahilci ba ne. Manomin ya ga cewa takardar gonarsa da Faransanci aka rubuta ta, alƙali da lauya da Faransanci suke magana a kansa yana tsaye, mafi yawan jarrabawar gwamnati da neman aikin ofis da Faransanci ake yi. Ya sayar da dabbarsa ne domin ɗansa ya sami mabuɗin wannan ƙofa, sai aka ce masa za a koya wa yaron harshen da ya riga ya iya. Kuskurensa ɗaya ne, watau zaton cewa hanyar Faransanci ita ce a fara da Faransanci, alhali kuwa yaron da ya iya karatu da harshensa ya fi saurin koyon na biyu. Wannan kuwa ba a gamsar da uba da shi ta hanyar lacca, sai ya ga ɗan maƙwabcinsa ya fito da harsunan biyu. Muddin kotu da ofis da jami'a ba su buɗe wa Kiriyol ƙofa ba, makarantar firamare kaɗai aka bar wa kayan da ya fi ƙarfinta.

An ɗan motsa ta wannan fuska. DeGraff da abokan aikinsa sun fara shiri a 2010 na samar da kayan koyar da kimiyya da lissafi da Kiriyol har matakin jami'a, domin a kashe zancen cewa harshen na 'yan aji ɗaya ne kawai. A 2022 ma'aikatar ilmi ƙarƙashin Nesmy Manigat ta fito da littafi guda na Kiriyol wanda ya tattara darussan ajin farko da na biyu. Sai dai duk wannan ya faru ne a cikin masifu masu bin juna. Girgizar ƙasa ta 12 ga Janairu 2010 ta rushe dubban makarantu har da ginin ma'aikatar ilmi kanta, guguwar Matthew ta daki kudu a 2016, wata girgizar ta sake dukan kudun a Agusta 2021, wata guda bayan kisan Shugaba Jovenel Moïse. Daga nan gungun 'yan bindiga suka mamaye yawancin Port-au-Prince, har a farkon 2025 waɗanda suka bar gidajensu suka haura miliyan ɗaya. Da yawansu lardunan da iyayensu suka fito suka koma, suka sauka a lakou na dangi, 'ya'yansu kuma, waɗanda aka haifa a birni, suka nemi gurbi a makarantun moun andeyò.